Hutun Wata Guda Da Ya Cinye Wata Goma: Halin Da Zukatan Ɗaliban Jami'a Suka Shiga Lokacin Korona

Sanarwar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta fitar a watan Maris na 2020 gajera ce, kuma ba ta tayar wa kowa hankali ba. Cewa aka yi a rufe jami'o'in Najeriya na tsawon wata guda daga ranar Litinin, 23 ga wata, domin daƙile yaɗuwar cutar korona. Shi ya sa ɗalibai da yawa ba su yi wani dogon shiri ba. A Samaru da Kongo a Zariya, a tsohuwar jami'a da sabuwa a Kano, a Dundaye ta Sakkwato, kowa ya cusa kaya kala uku ko huɗu a jaka, ya bar katifa da risho da bokiti da ragowar shinkafa a ɗaki, ya danna kwaɗo. Wasu ma murna suke yi, ga hutu ya faɗo daga sama ana tsakiyar zafi. Sallamar da aka yi a bakin get ita ce ta kullum: sai mun dawo.

A wannan Litinin ɗin ce kuma ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta tsunduma yajin aikin sai-baba-ta-gani, bayan na gargaɗi na mako biyu da ta fara ranar 9 ga Maris. Rigimarta da gwamnatin tarayya tsohuwa ce: yarjejeniyar 2009 da ba a cika ba, kuɗin farfaɗo da jami'o'i, alawus-alawus da aka riƙe, ga kuma tsarin biyan albashi na IPPIS da malaman suka ce ba za su shiga ba. Ƙofa ɗaya ta samu kwaɗo biyu. Ko da annoba ta ɗan lafa aka buɗe sauran makarantu a watan Oktoba, kwaɗo na biyu yana nan daram. Sai ranar 23 ga Disamba shugaban ƙungiyar na lokacin, Farfesa Biodun Ogunyemi, ya sanar da dakatar da yajin, kuma mafi yawan jami'o'in gwamnatin tarayya ba su sake ganin ɗalibansu ba sai daga 18 ga Janairun 2021 zuwa sama.

An lissafa asarar wancan lokaci ta fuskoki da dama. An ƙirga zangon karatu da ya salwanta, an ƙirga kuɗin hayar ɗakunan da aka biya ba a kwana a ciki ba, an ƙirga albashin malamai da aka riƙe. Abin da ya faru a ƙirjin matashi ɗan shekara ashirin da biyu da ya yi wata goma yana kwana yana tashi bai san ranar komawarsa aji ba, wannan babu ofishin da ya buɗe masa fayil.

Jiran da ba a san ranar ƙarewarsa ba

Mai azumi, komai tsananin ƙishirwa, ya san da faɗuwar rana zai sha ruwa, kuma wannan sanin shi ke riƙe shi. Ɗalibin 2020 bai samu irin wannan ba. Da farko an ce wata guda. Daga nan aka ce bayan ƙaramar Sallah, sannan bayan babba. Da kwamitin shugaban ƙasa kan korona, ƙarƙashin Boss Mustapha, ya fara sassauta dokoki, sai ido ya koma kan teburin sulhu tsakanin ASUU da Ministan Ƙwadago Chris Ngige, inda aka yi ta zama ana tashi baram-baram. Duk daren da za a yi zama, zaurukan WhatsApp na 'yan aji sai su cika da "an ce ranar Litinin za a janye". Wani ya turo takardar bogi mai tambarin jami'a, a yi ta yaɗawa, har wasu su fara wankin kaya. Washegari a ji babu komai.

Ɗagawa da kayarwa irin wannan, sau goma sau ashirin, tana gajiyar da zuciya fiye da mummunan labari guda da aka faɗa kai tsaye. Can sai mutum ya daina sa rai gaba ɗaya, kuma idan sa rai ya tafi, buɗe littafi yakan bi shi. Wane ne zai yi bitar darasin jarrabawar da ba a san shekararta ba?

Sannan ga agogon shekaru, wanda ba ya yajin aiki. Doka ta ce wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala digiri ba zai yi bautar ƙasa ba, takardar uzuri za a ba shi. Ga ɗan Arewa da ya fara da makarantar allo, ko ya bi ta kwalejin ilimi ko difloma kafin ya samu gurbi, ko ya zana jarrabawar JAMB sau uku, wata goma na iya zama abin da ya raba shi da kakin bautar ƙasa da alawi na shekara guda da ya gina lissafin jarinsa a kai. Bankuna da manyan kamfanoni kuma sukan ɗora iyakar shekaru a tallan ɗaukar sababbin ma'aikata. 'Yan ajin ƙarshe sun fi kowa jin wannan a jika: wanda saura masa babi biyu ya miƙa kundin bincikensa, wanda ya bar gwajinsa a ɗakin bincike ko a gonar jami'a ya san ya lalace, wanda iyayensa suka riga suka faɗa wa dangi cewa bana zai gama. A bayansu kuma ga matasa kusan miliyan 1.9 da suka yi rajistar JAMB ta 2020, waɗanda suka zana jarrabawa a watan Maris ɗin nan suka zauna jiran ƙofar da na ciki ma ba su samu fita ba.

Tambaya ɗaya ce ta bi su ko'ina, a ƙofar masallaci, a gidan biki, a bakin mai shayi: "Wai har yanzu ba ku koma ba?" Mai tambayar ba da mugunta yake yi ba. Amma wanda ya amsa ta sau biyar a rana yakan fara gudun fita.

Gida, da abin da aka tarar a cikinsa

Ana yawan mantawa cewa jami'a ga ɗan talaka mafaka ce. Duk da cunkoson ɗakunan kwana da ƙarancin ruwa, a can ne yake da gadon kansa, da ɗakin karatu mai fitila, da abokan da suke magana irin tasa, da jadawalin da ke tashinsa da safe. A can ne ake kiransa da sunan abin da zai zama: Injiniya, Barista, Likita. Da ya dawo gida sai ya koma yaron aike, a ɗakin da yake rabawa da ƙanne huɗu.

Gidan ma ba yadda ya bar shi yake ba. Kaduna ta shiga kulle tun ƙarshen Maris. Kano ta samu mai cutar na farko ranar 11 ga Afrilu, gwamnatin jiha ta rufe gari daga 16 ga wata, sannan ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙara sanya wa jihar dokar kulle ta mako biyu, aka kuma hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Uban da ke fita Kantin Kwari ko Singa ko Sabon Gari ya samo na cefane, ga shi zaune a tsakar gida, hannu babu komai, rai a ɓace. Azumi ya kama a cikin wannan hali, babu tafsiri, babu tarawihi a jam'i, majalisar ƙofar gida ta watse. Tattalin arzikin ƙasa ya ja baya da kashi 6.1 cikin ɗari a rubu'i na biyu na shekarar, kuma zuwa ƙarshenta Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari. Ɗalibin da ke ganin mahaifiyarsa tana auna garin da ya rage, da wane baki zai ce ba ya iya barci? Sai ya haɗiye, ya ga ma shi kansa ƙarin nauyi ne a gidan.

Wani bincike da Abiodun Adewuya da abokan aikinsa suka wallafa a 2006 kan ɗaliban Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife ya gano cewa kusan takwas cikin kowane ɗari suna fama da ciwon damuwa, kuma cikin abubuwan da suka fi tafiya tare da ciwon akwai matsalar wurin kwana, da fitowa daga gida mai yawan jama'a, da kasancewa mace. Shekara goma sha huɗu bayan nan, kullen korona ya tattara waɗannan abubuwa uku a kan dubban ɗalibai lokaci guda.

Na 'yan mata ya fi nauyi, kuma ya fi ɓoyuwa. Ɗalibar da ke karatun harhaɗa magunguna ko lauya ta dawo ta tarar wanke-wanke da girki da raino suna jiranta, tunda ai "ba abin da take yi". Da watanni suka miƙa, sai maganar da aka jingine ta dawo: karatun nan ba shi da ranar ƙarewa, ga manemi ya fito, a yi abin da ya dace. Wasu sun yi auren da suke so, suka koma makaranta da goyon bayan mazajensu. Wasu an yi musu alƙawarin ci gaba da karatu, alƙawarin ya tsaya a falon ɗaurin aure. Akwai kuma waɗanda kulle ya rufe su gida ɗaya da wanda suke gudu. A ƙarshen watan Mayu aka yi wa wata ɗalibar Jami'ar Benin mai shekara 22 fyaɗe da dukan da ya yi ajalinta a cikin wata majami'a inda take zuwa karatu, domin makaranta na rufe. A watan Yuni gwamnonin jihohi 36 suka ayyana dokar ta-ɓaci kan fyaɗe. Kowace ɗaliba mai waya ta ga wannan labari, kuma ta san ba a Benin kaɗai ake yi ba.

Sai mutuwa. Duk wanda ya zauna a Kano a watan Afrilun 2020 ba zai manta yadda sanarwar rasuwa ke bin juna ba, yadda masu haƙar kabari suka ce aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya Ministan Lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a wancan ɗan tsakani, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. Yawancinsu dattawa ne, wato iyaye da kakanni da masu biyan kuɗin makaranta. Cikinsu har da malaman jami'a, irin su Farfesa Balarabe Maikaba na sashen aikin jarida a Jami'ar Bayero, wanda ɗalibansa da yawa a Facebook suka ga labarin rasuwarsa. A al'adar Bahaushe, zaman makoki na kwana uku da sadakar bakwai da ta arba'in su ne ke ɗauke wa mai rashi rabin kaya, a zo a zauna da shi, a yi addu'a, a ba da labarin mamaci. Kulle ya hana wannan. Matasa da dama sun rasa uba suka yi kukansu su kaɗai a ɗaki, ta'aziyya tana shigowa ta waya.

An so a ce intanet za ta cike gurbi. Ministan Ilimi Adamu Adamu ya umarci manyan makarantu su koma koyarwa ta yanar gizo, kuma jami'o'i masu zaman kansu da dama sun yi hakan, har suka yi jarrabawa suka yaye ɗalibai. A jami'o'in gwamnati malamai na yajin aiki, kayan aikin babu, ɗalibin kuma da ke ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, ko a unguwar da wuta ke kwana uku ba ta leƙo ba, ko da an yi ba zai samu ba. Wayar da ba ta kawo masa lakca ba ita ce ta riƙa kawo masa hotunan abokin da suka gama sakandare tare sanye da rigar yaye. Wannan kwatance da dare, kai kaɗai, fuskar waya na haska maka ido, yana cin rai sosai.

Ciwon da ke zuwa da sunan wani

A watan Oktoban 2021 mujallar likitanci ta The Lancet ta wallafa ƙiyasin cewa a shekarar 2020 kaɗai annobar ta ƙara mutum miliyan 53 a kan masu fama da tsananin ciwon damuwa a duniya, da miliyan 76 a kan masu ciwon fargaba, kuma mata da matasa ne abin ya fi shafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ƙarin ya kai kashi 25 cikin ɗari a shekarar farko. Babu dalilin zaton ɗalibin Gusau ko Gashuwa ya tsira daga abin da ya samu sa'o'insa a sauran duniya, alhali shi an ninka masa da yajin aiki.

Sai dai ba zai zo ya ce "ina da ciwon damuwa" ba. Abin da zai ce shi ne kansa na zafi, ƙirjinsa ya yi nauyi, gabansa na faɗuwa ba dalili, abinci ba ya masa daɗi, yana karanta shafi sau uku bai riƙe komai ba. Wannan ba sabon abu ba ne ga likitoci. Tun a 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Kanada, Raymond Prince, wanda ya yi aiki a asibitin Aro da ke Abeokuta, ya rubuta game da ɗaliban Najeriya masu zuwa da ƙorafin zafi ko motsi a cikin kai, da dishi-dishin gani, da kasa fahimtar abin da suke karantawa, ya kira abin gajiyar ƙwaƙwalwa. Damuwa a wurinmu takan yi magana ta bakin jiki. Shi ya sa matashi zai je kemis a ba shi maganin maleriya, ya koma a ce taifot ne, ya sake komawa a ce olsa, a sha kwalba uku na magani, abin na nan.

A gida kuwa amsoshin sanannu ne. "Me aka rage ka da shi?" "Kai fa namiji ne." "Ki yawaita addu'a, rashin tawakkali ne." Idan yarinya ta daina magana, tana kuka ba dalili, ko ta firgita da dare, sai a ce iska ce ko sammu, a nemo mai ruƙiyya. Wani binciken jin ra'ayi da cibiyar Africa Polling Institute da EpiAFRIC suka fitar a farkon 2020, makonni kaɗan kafin annobar, ya nuna fiye da rabin waɗanda aka tambaya suna ganin shafar aljanu na cikin abubuwan da ke haddasa ciwon ƙwaƙwalwa.

A nan akwai buƙatar adalci. Addu'a da karatun Alƙur'ani da sallar dare sun riƙe ɗalibai masu yawa a waɗannan watanni, kuma duk wanda ya raina wannan bai san mutanen da yake magana a kansu ba. Kuskuren shi ne a mayar da ciwo shaidar raunin imani. Ba wanda ke ce wa mai ciwon suga imaninsa ne ya yi ƙasa, tofi ake masa a kuma kai shi asibiti. Mai ciwon damuwa da aka ce masa laifinsa ne, an ɗora masa kaya biyu: ciwon, da jin cewa ya saɓa wa Ubangijinsa. Malamin da ya ce wa iyaye "mu yi addu'a, ku kuma kai shi wurin likita" ya yi aikin da likita goma ba za su iya yi ba, domin shi ake fara zuwa wurinsa.

Abin da ke hana zuwa asibitin shi ne kunya, kuma kunyar tana da tushe. A Kano, "sai Dawanau" zagi ne, domin can ne asibitin masu taɓin hankali yake. Gidan da aka ce akwai taɓin hankali a cikinsa, masu binciken aure sukan ja da baya, har ga ƙanne da ba ruwansu. Kalmar "mahaukaci" ta haɗiye komai, daga wanda ke yawo a bola har zuwa ɗalibar da ba ta yi barcin kirki ba wata biyu, don haka ta biyun za ta gwammace ta mutu da nata a ciki.

Wasu sun nemi sauƙi ta hanyar da ta fi ciwon muni. Tun kafin korona, binciken da Ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da hukumomin Najeriya ya ƙiyasta cewa a 2017 mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 suna ta'ammali da kayan maye, kuma a 2018 gwamnati ta haramta maganin tari mai kodin. Zaman kashe wando na wata goma, da rashin barci, da abokan unguwa da aka daɗe da rabuwa da su, ƙofa ce a buɗe. Ƙwayar da aka fara sha don a samu barci ita ce ke zama jarabar da za a koma makaranta da ita. Idan abin ya fito fili kuma, iyaye da yawa gidan mari suka sani. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fitar da mutum fiye da 300 daga irin wannan gida a Rigasa ta Kaduna, wasunsu da sasari a ƙafa.

Ina za a kai kuka?

A ce ɗalibi ya yi ta maza ya yarda yana buƙatar likita. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa da suka kai 300, kuma ana ta rasa su zuwa Ingila da Kanada da Saudiyya. A lokacin annobar, asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a duk faɗin Arewa uku ne: na Barnawa a Kaduna, na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri, sai sassan da ke asibitocin koyarwa da 'yan asibitocin jihohi. Hanyoyi kuma a rufe. Binciken ƙasa da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta tun farkon shekarun 2000 ya nuna cewa ko cikin masu ciwo mai tsanani, waɗanda suka samu wani magani ba su kai ɗaya cikin goma ba.

Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ke aiki a 2020 ita ce ta 1958, wadda Turawan mulkin mallaka suka bari, mai ɗaukar marar lafiya a matsayin wanda za a tsare. Sashe na 231 na kundin hukunta laifuka na Arewa kuma ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Matashin da tunanin mutuwa ya fara zagayawa a kansa, wanda ya fi kowa buƙatar ya buɗe baki, shi ne doka da al'ada suka haɗu suka rufe wa baki.

Ƙungiyoyin sa-kai ne suka yi ƙoƙarin toshe ɓarakar. Mentally Aware Nigeria Initiative, wadda likita Victor Ugo ya kafa a 2016, ta riƙa ba matasa shawara ta waya da kafafen sada zumunta. She Writes Woman ta Hauwa Ojeifo, wadda ta fito fili ta faɗi ciwon da ita kanta take fama da shi, ta buɗe layin kiran neman agaji, kuma a 2020 gidauniyar Bill da Melinda Gates ta karrama ta kan wannan aiki. Gidauniyar Asido ta Dakta Jibril Abdulmalik ta yi ta wayar da kai daga Ibadan. Aikinsu ya ceci mutane. Amma yawancinsa da Turanci ake yi, a Twitter da Instagram, ga mai kuɗin data. Ɗalibi na iya rubuta jarrabawar kimiyya da Turanci, amma abin da ke cin ransa da tsakar dare, da harshen da uwarsa ta rarrashe shi zai fi iya faɗa.

Da yawa, gaskiya, sun ceci kansu da hannunsu. Wasu suka zauna gaban keken ɗinki suna fitar da takunkumin fuska, wasu suka kafa rumfar POS, wasu suka shiga gona da damina ta sauka, 'yan mata suka fara sayar da kek da turaren wuta ta WhatsApp, wasu suka koma ga haddar da suka ajiye. Ribar kuɗin sau da yawa ba ta taka kara ta karya ba. Abin da sana'ar ta ba su shi ne dalilin tashi da safe da mutanen da za a yi magana da su, kuma waɗannan biyun suna cikin abin da likitoci ke fara umartar mai ciwon damuwa da shi.

Komawa

Da aka buɗe a Janairun 2021, jami'o'i sun shirya wa ƙwayar cuta. An jera bokitan wanke hannu, an sayi na'urar auna zafin goshi, an liƙa sanarwar cewa babu shiga sai da takunkumi. Ɗalibai suka tarar kuɗin haya ya ƙare, ɓeraye sun gama da abin da aka bari, wasu ɗakunan an fasa. Aka matse zangon karatu, aka yi ta gudu don a cimma kalanda, jarrabawa ta iso kan ƙwaƙwalwar da ta yi wata goma ba ta riƙe alƙalami ba. Wanda ya faɗi, sakamakonsa ne kawai ya fito a allo. Ba a rubuta a gefe cewa ya binne mahaifinsa a watan Afrilu ba. Kujerun da suka zama babu kowa ma, ba a bi sawun masu su ba.

Hankali bai gama kwanciya ba aka sace ɗalibai 39 daga Kwalejin Gandun Daji ta Afaka a watan Maris na 2021, sannan a watan Afrilu 'yan bindiga suka shiga Jami'ar Greenfield da ke hanyar Kaduna zuwa Abuja, suka kashe biyar daga cikin waɗanda suka kwashe. Ranar 14 ga Fabrairun 2022 ASUU ta sake tafiya yajin aiki, ba ta dawo ba sai 14 ga Oktoba. Wanda ya shiga jami'ar gwamnatin tarayya a 2019 ya yi kusan shekara ɗaya da rabi a gida cikin shekara uku.

An ɗan motsa daga baya. A farkon Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958, ta kuma amince cewa marar lafiya yana da haƙƙi. Amma doka a Abuja take, ɗalibi kuma asibitin makaranta ya sani, da ofishin kula da harkokin ɗalibai, da limamin masallacin jami'a, da shugaban ajinsu. Jami'o'i da yawa suna da sashen ba da shawara, sai dai ɗalibai ƙalilan ne suka san ƙofarsa, waɗanda suka sani kuma suna tsoron a gan su suna shiga. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da tsarin horar da ma'aikatan jinya da likitocin gama-gari su gane ciwon damuwa su fara magance shi ba sai an jira ƙwararre ba, kuma an gwada shi a Najeriya. Asibitin jami'a shi ne wurin da ya fi dacewa da irin wannan.

Duk sabon ɗalibi yakan bi layin gwajin lafiya kafin a kammala masa rajista. Akan duba rukunin jini, a auna tsawo da nauyi, a gwada ido, wani wurin a ɗauki hoton ƙirji. Akwai wata takarda mai tambaya tara da likitoci ke kira PHQ-9, wadda ke tambayar mutum yadda barcinsa da cin abincinsa da sha'awarsa ga al'amura suka kasance a mako biyun da suka wuce, da ko ya taɓa jin gara ma ya mutu. Cike ta ba ya wuce minti biyar, amfani da ita kyauta ne, kuma Adewuya da abokan aikinsa sun tabbatar da ingancinta a kan ɗaliban jami'a na Najeriya tun 2006.